Kuɗin Ganin Ƙwaƙwaf: Yaushe Ɗan Poka Ke Zubar da Kati Mai Ƙarfi?

A watan Mayun 2003, mutum 839 ne suka shiga babbar gasar poka ta duniya a gidan caca na Binion's Horseshoe da ke Las Vegas, kowace kujera dala 10,000. Aka yi ta fafatawa har saura mutum biyu. Ɗaya shi ne Sam Farha, haifaffen Lebanon mazaunin Houston, tsohon hannu wanda ba a raba bakinsa da karan sigarin da bai kunna ba. Ɗayan kuwa Chris Moneymaker, wani akanta ɗan shekara 27 daga jihar Tennessee, wanda ya samu kujerarsa ta wata 'yar gasa ta dala 86 a shafin PokerStars.

A wani rabo, Farha na riƙe da sarauniya da tara. Tara ce mafi girma a cikin katin da ke ƙasa, don haka yana da tagwayen tara, kuma a wasan mutum biyu wannan ba abin rainawa ba ne. Moneymaker sarki da bakwai ne a hannunsa, bai haɗa komai ba. Da aka buɗe kati na ƙarshe sai ya tura duk abin da ke gabansa tsakiya. Farha ya daɗe yana juya ƙwandalolinsa, har ya furta cewa da alama yaron bai samu katin da yake jira ba. Ya karanta daidai, amma sai ya zubar da katinsa. Da ya biya, da mafi yawan ƙwandalolin gasar sun koma gabansa. Ba a jima ba Moneymaker ya lashe gasar da dala miliyan 2.5, tashar ESPN ta nuna wa duniya yadda aka yi, matasa suka yi tururuwa zuwa shafukan poka na intanet. A 2004 mutum 2,576 suka shiga gasar, a 2006 kuwa 8,773.

Darasin da wannan tururuwa ta ɗauko daga Las Vegas shi ne: kada ka yarda a yi maka burga. Da wuya a samu darasin da ya cinye kuɗin 'yan koyo kamar wannan.

Ga wanda bai san wasan ba, samfurin da aka fi bugawa ana kiransa Texas Hold'em. Kati 52 ne. Kowa ana ba shi biyu a rufe, sannan a jera biyar a ƙasa na kowa da kowa: uku a tashi ɗaya, sai na huɗu, sai na biyar. A kowane mataki ana zuba kuɗi, kuma idan wani ya zuba, zaɓinka uku ne: ka biya daidai abin da ya zuba, ka ƙara a kai, ko ka zubar da katinka ka haƙura da abin da ka riga ka sa. Tagwaye sun fi katin da bai haɗu ba, tagwaye biyu sun fi tagwaye ɗaya, 'yan uku sun fi tagwaye biyu, jerin lamba biyar ya fi 'yan uku, biyar masu alama iri ɗaya sun fi jeri, 'yan uku haɗe da tagwaye sun fi su duka, sai 'yan huɗu da abin da ya yi sama, waɗanda ba kasafai ake ganinsu ba.

Abin da jadawalin nan bai faɗa ba shi ne, galibin rabo ba ya kaiwa ga buɗe kati. A 2009 kamfanin Cigital ya binciki rabo miliyan 103 da aka buga a PokerStars, ya gano cewa kusan kashi 76 cikin 100 an gama su ba tare da kowa ya nuna katinsa ba. A ragowar da aka buɗe ma, kusan rabi ne kawai wanda da katinsa ya fi na kowa ya ci, domin a sauran rabin ya riga ya zubar tun da wuri. PokerStars ce ta ɗauki nauyin binciken, kuma tana da buƙatar a ce poka gwaninta ce ba sa'a ba, don haka a karanta shi da wannan a zuci. Duk da haka alƙaluman sun nuna abu ɗaya da babu gardama a kansa: zubar da kati shi ne aikin da ɗan poka ya fi yi a rayuwarsa. Zubar da tarkace ba ya ɗaga wa kowa hankali. Rigimar tana farawa ne ranar da katin ya yi kyau.

Babu fuska, sai lambobi

A wani shiri na High Stakes Poker da aka nuna a 2021, Doug Polk ya samu goma da bakwai, aka buɗe jek, tara, takwas a ƙasa. Jeri ke nan tun tashin farko, kuma haɗin kati ɗaya tak ya fi nasa a duniya: sarauniya da goma. Phil Hellmuth ya tura dukiyarsa duka, sama da dala 90,000, a kan tulin da bai kai kusa da haka ba. Polk ya ja shi da hira, Hellmuth ya yi ta zuba, Polk ya saurara ya zubar. Sarauniya da goman ne kuwa a hannun Hellmuth.

Polk a intanet ya yi suna, amma abin da ya cece shi a ranar babu shi a intanet. A can ba ka jin rawar murya, ba ka ganin hannu na karkarwa. Abokin karawarka suna ne na bogi da tutar ƙasa da adadin kuɗin da ke gabansa, agogo kuma na ƙirga maka 'yan daƙiƙu. Ga sauri. A teburin gidan caca akan yi rabo 25 zuwa 30 a awa, a intanet teburi ɗaya na ninka wannan sau biyu ko uku, kuma mutum na iya buɗe tebura da yawa a lokaci guda. PokerStars ta taɓa barin mutum ya buɗe har 24 kafin ta rage zuwa 4 a 2019. A 2010 Full Tilt ta ƙirƙiro Rush Poker, inda kana zubarwa za a cilla ka wani sabon teburi da sabon kati nan take. As biyu, katin farawa mafi ƙarfi, sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221. Mai zuwa gidan caca zai iya wuni bai gan shi ba, mai tebura huɗu kuwa zai gan shi sau da dama kafin ya tashi, tare da duk bala'in da ke biyo shi.

Abin da ya maye gurbin fuska shi ne labarin da kuɗi ke bayarwa: daga wace kujera mutum ya shigo, nawa ya zuba, a wane mataki ya farka. Akwai kuma manhajoji irin su PokerTracker da Hold'em Manager da ke tara tarihin kowane abokin wasa, su nuna kashi nawa na rabo yake shiga, sau nawa yake ƙari, sau nawa yake kaiwa ga buɗe kati. Wasu shafukan sun haramta su. Inda aka halatta ma, 'yan koyo na ruɗar kansu da su, domin rabo hamsin bai isa ya gaya maka halin mutum a kan kati na biyar ba.

As biyu da suka tsufa a hannu

Bari mu ɗauki misali mu bi shi a hankali, domin a nan ne kuɗin ke zuba. Kana da as biyu. Ka yi ƙari, wani mai taka-tsantsan ya biya. Aka buɗe sarki, tara, huɗu, alamu daban-daban. Ka zuba, ya biya. Kati na huɗu shida ce. Ka sake zubawa, sai ya ninka maka sau uku.

Kafin a buɗe komai, as biyu na cin katin da aka zaro da ka kusan sau 85 cikin 100. Wannan lamba ce ke maƙale a kan mai riƙe da su, alhali ta riga ta tashi aiki. Mutumin nan ba da ka aka zaro katinsa ba. Ya tsallake matakai uku yana biyan kuɗi, kuma kowane mataki ya tace abin da zai iya kasancewa a hannunsa. Idan tagwayen tara ne ya shigo da su, yanzu yana da 'yan uku, kuma hanya uku ce za a iya haɗa tagwayen tara daga taran da suka rage. Haka tagwayen huɗu, haka tagwayen shida: hanya tara ke nan da ya riga ya wuce ka. Mai riƙe da ƙananan tagwaye yakan samu na ukun a tashin farko kusan sau ɗaya cikin takwas da rabi, ba abin mamaki ba ne. A ɗaya ɓangaren, sarki da sarauniya ana iya haɗa su ta hanya 12, kuma ka fi su. A lissafin takarda ka fi shi sau da yawa ke nan. Amma tambayar ita ce, wannan mutumin yana ninka kuɗi sau uku da tagwayen sarki kawai? Galibin masu buga ƙananan tebura ba sa yi. Biya suke yi su bi ka a hankali. Idan ka cire waɗannan 12, abin da ya rage kusan duk ya fi ka, kuma as biyu ne kacal suka saura a cikin kati 44 da za su cece ka, ƙasa da kashi 5 cikin 100.

Wajajen 2006 wani matashin ɗan wasa, Andrew Seidman, wanda aka fi sani da BalugaWhale, ya taƙaita wannan cikin wata ƙa'ida da har yau ake kira da sunansa: duk mai riƙe da tagwaye ɗaya da aka yi masa ƙari a kati na huɗu, to ya sake auna katinsa da kyau. A wannan zamanin ne kuma wani da ake kira Zeebo ya fito da tasa, rabi raha rabi gaskiya, cewa babu mahaluƙin da ke iya zubar da 'yan uku haɗe da tagwaye komai yawan kuɗin da aka zuba. Ta farkon nasiha ce ga mai riƙe da katin, ta biyun kuwa nasiha ce ga mai son cinye shi, wato kada ka ɓata burgarka a kansa, amma idan ka fi shi, ka zuba duka, zai biya.

Sai farashi. Idan akwai dala 100 a tsakiya wani ya zuba 50, za ka biya 50 don neman 150, don haka cin sau ɗaya cikin huɗu ya ishe ka ka fita ba asara. Idan 100 ya zuba, sai ka ci sau ɗaya cikin uku. Ko da ya zuba ninki biyu na tulin, kashi 40 cikin 100 kake buƙata. Mutane kan yi mamakin ƙanƙantar waɗannan lambobi, kuma su ne hujjar masu cewa a riƙa biya. Suna da gaskiyarsu. Wanda ya zuba 100 a kan 100 da burga zalla, riba yake ci muddin kana zubarwa fiye da rabin lokaci. Wanda ya mai da zubar da manyan kati al'ada ya zama saniyar tatsa ga duk mai ƙarfin hali.

Tom Dwan, wanda ya tashi a intanet da sunan durrrr, ya nuna haka a wani rabo da aka haska a 2009. Barry Greenstein na da as biyu. Peter Eastgate na Denmark, zakaran duniya na 2008, yana da huɗu da biyu, an kuma buɗe biyu, goma, biyu, wato 'yan uku ne a hannunsa. Dwan sarauniya da goma gare shi, shi ne na ƙarshe a cikin ukun. Ya zuba dala 104,200 a kati na huɗu. Eastgate ya zubar, Greenstein ya zubar. Kowannensu ya ba kansa labari mai ma'ana, kuma labarin ƙarya ne.

To ina mafita? Manhajojin warware wasa irin su PioSolver, da suka bazu tun daga 2015, suna nuna yawan biyan da zai hana a ci ka da burga. Na'urar Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon, wadda Tuomas Sandholm da Noam Brown suka gina, ta doke ƙwararru huɗu a rabo 120,000 a Pittsburgh a Janairun 2017, da irin wannan daidaito. Sai dai lissafin na'ura ya ginu ne a kan abokin karawa da ke yin burga gwargwadon yadda ya kamata. Mutumin da ke zaune da wayarsa ƙarfe biyun dare a teburin 'yan sulalla ba Dwan ba ne, ba kuma Libratus ba. Masu horarwa sun daɗe suna nanata cewa a irin waɗannan tebura, babban ƙari a kati na huɗu ko na biyar da wuya ya zama burga. A ganina nan ne hukuncin yake: a biya mai yawan hayaniya da ke zuba kuɗi a kowane rabo, a yarda da mai shiru ranar da ya yi magana. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, amma ragon da kullum baya yake ja, kowa a garke ya gane shi.

Abin da ke hana yatsa latsawa

Mafi yawan waɗanda ke biya da as biyun nan sun san an fi su. Za ka ji mutum na cewa ya san 'yan uku ne, amma ba zai iya zubarwa ba. Dalili na farko shi ne kuɗin da ya riga ya shiga tsakiya, wanda zuciya ke ci gaba da ɗauka nata ne. A 1985 Hal Arkes da Catherine Blumer sun wallafa wani gwaji da suka yi a gidan wasan kwaikwayo na Jami'ar Ohio: wasu suka sayi tikitin shekara a kan cikakken farashi na dala 15, wasu aka yi musu ragi ba tare da sun nema ba. Waɗanda suka biya cikakken kuɗi sun fi zuwa kallo a rabin farko na shekarar. Wasan ɗaya ne, kujerun ɗaya ne, kuɗin da ya riga ya tafi ne ke jan su. Na biyu shi ne hasala. Wani bincike da Gary Smith da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 a kan masu buga manyan tebura a intanet ya nuna cewa bayan babbar asara sukan saki taka-tsantsan, suna neman fanshe abin da ya tafi cikin gaggawa.

Dalili na uku shi ne wanda na fi ba muhimmanci, kuma ba a cika maganarsa ba. Wanda ya biya, ko ya ci ko an ci shi, zai ga katin abokinsa. Wanda ya zubar ba zai gani ba. A talabijin masu kallo na ganin komai, su yi wa Polk tafi, su yi wa Farha dariya. A intanet katin kawai zai zame ya ɓace, tulin ya koma wancan gefen, a raba sabo. Babu mai gaya maka ka tsira da dala 200, babu mai gaya maka an yi maka wayo. Za ka kwana da tambayar, gobe ma tana nan. Kaso mai yawa na kuɗin da ake asara da manyan kati ba neman riba ba ne, kuɗin ganin ƙwaƙwaf ne, mutum ya sayi amsa don hankalinsa ya kwanta. Kuma amsar ma ba ta koyar da komai. Annie Duke, tsohuwar ƙwararriya da ta rubuta Thinking in Bets a 2018, ta yi dogon bayani kan kuskuren auna shawara da sakamakonta. Idan farashi ya ce cin sau ɗaya cikin uku ya isa, to wanda ya biya daidai zai sha kaye sau biyu cikin uku, wanda kuma ya zubar daidai za a yi masa burga lokaci zuwa lokaci. Rabo ɗaya ba ya wanke kowa.

A gasa kuwa lissafin na canzawa, domin ƙwandala ba kuɗi ba ce kai tsaye. Dan Harrington, zakaran 1995, ya shawarci masu karatunsa kada su wahalar da kansu wajen zubar da sarki biyu kafin a buɗe kati, kuma a mafi yawan lokuta shawarar na nan daram. Amma a gasar neman gurbi irin wadda Moneymaker ya ci, inda kujera goma za a raba, saura mutum 11, kana da tarin ƙwandala, wasu kuma na dab da ƙarewa, idan wani mai tari kamar naka ya tura duka, as biyu ma zubar da su ake yi. Cin rabon ba zai ƙara maka komai ba tunda kujera ɗaya za a ba ka, faɗuwa kuwa, wadda kan faru kusan sau ɗaya cikin biyar ko shida, za ta raba ka da ita. A babbar gasar 2024, mai mutum 10,112, Jonathan Tamayo na Texas ya zubar da sarauniya biyu a gaban ƙari ɗaya tak lokacin da ya rage saura mutum goma, tara kuma za su hau teburin ƙarshe. An yi masa ca. Kwana kaɗan bayan haka ya lashe gasar da dala miliyan 10, masu yabo suka ce ga hujja. Ba hujja ba ce, kamar yadda faɗuwar Farha ba ita ce ta mai da zubarwarsa kuskure ba.

Mai karatu a Kano ko Zinder ba ya buƙatar a tuna masa hukuncin caca a Musulunci, kuma ya ga yadda Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano a 2024. Abin da ya kamata a ƙara shi ne lissafin mai gida. Shafin poka na cire la'ada, galibi wajen kashi 5 cikin 100 zuwa wani iyaka, daga kusan kowane tulin da ya kai ga buɗe katin ƙasa. Ka biya daidai ko ka zubar daidai, nasa ya fita. Ƙananan tebura, inda 'yan koyo suke, su ne la'adar ta fi yi wa nauyi. Kuɗin da ke ajiye a shafin ma ba lallai yana nan ba: bayan gwamnatin Amurka ta rufe manyan shafuka uku ranar 15 ga Afrilun 2011, an gano Full Tilt na riƙe da kimanin dala miliyan 60 alhali 'yan wasa na bin ta kusan miliyan 390.

An taɓa samun ɗan wasa ɗaya da ba ya kuskure a shawarar biya ko zubarwa. A Satumban 2007, wani mai suna Potripper ya lashe wata gasa a shafin Absolute Poker ta hanyar da ta ɗaure wa mutane kai. Yana shiga kusan kowane rabo da tarkace, amma da zarar wani na riƙe da manyan tagwaye sai ya janye. A rabon ƙarshe ya biya duka da katin da bai wuce goma ba, ya ci abokin karawarsa da ke burga da tara. Wanda ya zo na biyu, Marco Johnson, ya nemi shafin ya aiko masa da tarihin wasan, sai aka turo masa fayil ɗauke da rufaffen katin kowa da adireshin kwamfutocin da ke kallon teburin. Masu bin diddigi suka gano wani asusu na cikin gida da ke ganin katin kowa yana bin Potripper daga teburi zuwa teburi. A shekarar da ta biyo baya irin wannan badaƙala ta fashe a UltimateBet, inda hukumar caca ta Kahnawake da ke Kanada ta ɗora alhakin a kan Russ Hamilton, zakaran duniya na 1994.

Tun daga lokacin, sassan tsaro na shafukan suna sa ido a kan wanda shawararsa ta cika yin daidai. Yanzu ba satar ganin kati kaɗai suke nema ba, har da masu buɗe manhajar warware wasa a wata kwamfutar ta gefe tana gaya musu lokacin biya da lokacin zubarwa. A Satumban 2020 shafin GGPoker ya kori asusu 40 a kan wannan laifi, ya ƙwace sama da dala miliyan 1 daga 13 a cikinsu, ya ce zai mayar wa waɗanda aka cuta.